Shugabanmu na so ƙungiyar maɗinka ta yi wa ɗan takara mubaya'a, mu bi ko mu ƙi?

Sakataren Maɗinka:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Ni ne sakataren ƙungiyar maɗinka ta yankinmu. Ba zan kama sunan gari ko na mutum ba. Ran Asabar shugabanmu ya tara mu 'yan kwamiti, ya ce an aiko masa daga wajen wani mai neman kujerar majalisar jiha. Za a ba ƙungiya keken ɗinki ashirin da janareto ɗaya, in kuma an ci zaɓe, kwangilar ɗinka wa 'yan firamare yunifom tamu ce. Abin da ake so a wajenmu shi ne mu yi anko, mu cika motoci, mu je gidansa, shugaba ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce maɗinka kaf sun bi.

Wannan "kaf" ɗin ce ta hana ni barci. Akwai shagon da nake zuwa karɓar kuɗin wata. Mai shagon jar hula ce a kansa, ƙanensa da ke kan injin surfani ɗan APC ne na ƙin ƙarawa, yaron da ke guga kuwa ya ce shi tun daga 2019 ya daina bin layin zaɓe. Dukansu uku suna cikin rajistarmu, kowa na biyan kuɗinsa. Da wane hannu zan rubuta cewa sun bi?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ku karɓi kekunanku. Akwai yaran da suka gama koyo shekara biyu suna zaune ba keke, kai ka fi ni sanin haka. Ɗan siyasa sau ɗaya yake neman talaka a shekara huɗu, in ka bar wannan damar ta wuce ba ka ƙara ganinsa. Ranar zaɓe kowa shi kaɗai yake shiga ya dangwala, wa zai bi shi ciki?

Maman Hanifa:
Baban Walid, ka yi haƙuri, ni na ga yadda irin wannan take ƙarewa. Muna da ƙungiyar mata masu ɗinki a gida, har adashi muke yi, mun kai shekara takwas ba wanda ya taɓa jin kanmu. Kafin wani zaɓe da ya wuce shugabarmu ta kai mu gidan wata 'yar siyasa, aka raba mana atamfa turmi ɗaiɗai da dubu biyu biyu. Keke biyar aka bayar, mu kuwa mun fi sittin. Tun a cikin mota aka fara cewa shugaba ta ware wa ƙanwarta ɗaya. Ba a yi wata uku ba adashin ya watse, waɗanda mazansu ke wata jam'iyya aka hana su zuwa taro. Yau ƙungiya biyu ce, kowace ba ta iya tara kuɗin hayar rumfa. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, don wadda ta koya min yankan riga ba ma gaisawa sosai.

Ku ɗari nawa ne? Keke ashirin wa za a ba, wa za a hana?

Barista A.:
Malam Sakatare, kafin a je ga dabara bari in faɗi abin da doka ta ce, don mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya ko shiga jam'iyya don kare muradinsa. To amma sashe na 221 ya ce ban da jam'iyyar siyasa, babu wata ƙungiya da aka yarda ta nema wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a hidimar zaɓen ɗan takara. Wato kai a karan kanka kana iya yin kamfe dare da rana. Ƙungiya da sunanta da hatiminta ce aka ce a'a.

Sashe na 222 kuma ya nuna abin da ya raba su. Jam'iyya dole ƙofarta ta kasance a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, sunanta da tambarinta kada su jingina da ƙabila ko addini, hedikwatarta kuma a Abuja. Jam'iyya mulki take nema, shi ya sa sai ta tara kowa. Ƙungiyarku ba mulki take nema ba, so take wanda ya hau ya saurari maɗinka, ko wane ne shi.

Baban Walid:
Barista, da girmanka, wannan sashen a takarda kawai yake. Wa aka taɓa kamawa? A 2022 da APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, ba ƙungiyoyi muka riƙa ji suna cewa sun saya wa wane, sun saya wa wane ba? Har Jonathan aka saya wa, ya fito ya ce ba da yawunsa ba. In manya na yi a gaban kyamara, sai telan unguwa ne zai ji tsoron sashe?

Barista A.:
Gaskiyarka, ba a cika hukunta kowa a kai ba, ban kuma ce 'yan sanda za su zo shagonsa ba. Abin da nake jiye masa shi ne ranar da rigima ta tashi a cikin gida. Duk mamban da ya ji haushi yana da abin riƙewa, kuma sunan sakatare ne a ƙasan takardar.

Dattijon Zaure:
'Ya'yana, ku ba ni wuri in ɗan yi tsawo, don maganar ta taɓa gidanmu. Mahaifina tela ne, kuma ɗan NEPU ne har ya koma ga Allah. Wanda duk ya ce sana'a daban siyasa daban bai san tarihin ƙasar nan ba. Jam'iyyun farko daga ƙungiyoyi suka fito. Jam'iyyar Mutanen Arewa ƙungiyar al'adu ce tun 1949, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama NPC ta siyasa. Action Group ta Awolowo daga Egbe Omo Oduduwa ta tsiro. NCNC kuwa da aka kafa a 1944, da farko ƙungiyoyi ne mambobinta, na ƙwadago da na garuruwa da na ƙabilu. NEPU da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, su wa suka riƙe ta in ba teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure ba?

Sai dai ga inda aka bambanta. Mahaifina shi yake cire kuɗi daga cinikinsa ya yanki katin jam'iyya. Ina yaro na ga yana ɗinka tuta da dare a gaban fitilar ƙwai, ba wanda ya biya shi ko sisi, kuma ya san in dogarai suka gani zai kwana a ɗaure. Su suke ciyar da jam'iyya, shi ya sa suke iya ɗaga murya a gaban shugabanninta. Yau jam'iyya ce ke ciyar da ku, ta ba ku keke, ta ba ku taliya. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Kuma kada ku ɗauka ko a wancan zamanin ba a ji jiki ba. PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Rimi da Balarabe Musa. Kafin a je ko'ina ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Na san layin shaguna da mutane suka shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya, aka wayi gari wannan ba ya aron almakashin wancan. Mu da muka rabu a kan aƙida ke nan. Ku kuma a kan keke ashirin za ku rabu?

Sakataren Maɗinka:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Amma in faɗi gaskiya, shugabanmu ba mugun mutum ba ne. Hujjarsa ita ce shekara shida muna rubuta takardar koke a kan masu karɓar haraji da ke zuwa kala uku a shago ɗaya, ko amsa ba a taɓa ba mu ba. Ya ce wanda ba shi da uwa a gindin murhu haka zai ƙare.

Malam Mai Alli:
Malam Sakatare, ni malamin makaranta ne, darasin gwamnati nake koyarwa a sakandare. Akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma shi ya fi damuna. Mutumin nan majalisar jiha yake nema. Ɗan majalisa ba ya ba da kwangila. Kwangilar yunifom a hannun ɓangaren zartarwa take, ma'aikatar ilimi ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Iyakarsa ya roƙa muku, kamar yadda ku ma za ku roƙa. Ya yi muku alkawarin abin da ba nasa ba, cinikin biri a sama ke nan.

Harajin shago kuma, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sa kula da shaguna da kasuwanni a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ciyaman da kansiloli ne masu wannan. Abin da ke hannun ɗan majalisar jiha da gaske shi ne doka da kasafin kuɗi da bin diddigi. Yana iya kai ƙudirin da zai haɗe harajin ya zama ɗaya da rasit ɗaya. Yana iya matsawa a rubuta cewa yunifom ɗin makarantun gwamnati a cikin jiha za a ɗinka. Yana iya sa kwamiti ya gayyaci masu karɓar harajin su yi bayani, ku ma a kira ku zaman jin ra'ayin jama'a. Waɗannan ya kamata ku nema, kuma ko ɗaya bai ambata ba.

Ɗan Ƙwadago:
Malam ya gama magana. Bari in ƙara da abin da muka gani a ƙwadago. Janairun 2012 gwamnati ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka kira yajin aiki ran 9 ga wata, ƙasa ta tsaya cak, aka dawo da shi 97. Waɗanda suka fito ranar akwai 'yan PDP mai mulki, akwai 'yan CPC, akwai 'yan ACN, akwai waɗanda ba su da kati ma. Da a ce NLC reshen wata jam'iyya ce, da rabin mutanen nan sun zauna a gida, gwamnati kuma ta ce 'yan adawa ne kawai.

Matashin Arewa:
To Yaya, ai ku ɗin ne kuka kafa jam'iyyar Labour. In shiga siyasa laifi ne me ya kai ku? Ni a ganina maganin abin shi ne masu sana'a su haɗu su yi tasu jam'iyyar, su tsayar da nasu. A Ingila ma ai ƙungiyoyin ƙwadago ne suka haifi Labour a 1900, ga shi ta sha kafa gwamnati.

Ɗan Ƙwadago:
Ƙanena, tambayarka a kan hanya take, kuma ciwon da ke cin mu ke nan. An yi wa jam'iyyar Labour ta Najeriya rajista a 2002. Ka duba su wa suka ci moriyarta. Mimiko ya bar PDP ya hau ta ya zama gwamnan Ondo, daga baya ya koma inda ya fito. Oshiomhole da ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007, da ya tashi zama gwamnan Edo a tutar AC ya hau. Peter Obi ya shigo a 2022, ya samu ƙuri'a sama da miliyan shida a 2023. A Maris 2024 kuma sai ga 'yan NLC sun yi cincirindo a ƙofar hedikwatar jam'iyyar suna rigima da shugabancinta a kan wa ke da ita. Ka haifi ɗa, ya girma a hannun wasu.

Kafa jam'iyya ba shi ne wuya ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 a ƙarar da su Balarabe Musa suka kai INEC ƙofa ta buɗe. A 2019 jam'iyya 91 muke da su, 'yan takarar shugaban ƙasa 73, takardar ƙuri'a kamar tabarma. Fabrairun 2020 INEC ta soke 74. Riƙe ta ne aiki: ofis, wakili a kowace rumfar zaɓe, lauyoyi. Kuɗin wata na maɗinka ba zai ɗauki wannan ba.

Baban Walid:
Duk na ji. Amma ku faɗa min, a ƙasar nan wa ya taɓa samun wani abu don ya tsaya a tsakiya? Wanda ya ci shi ke kwashe komai, ya raba wa waɗanda suka sha rana tare da shi. Ku dubi 'yan tasha a Kudu, ana damawa da su don sun san inda suka jingina. Ni ba na son yaranmu su ƙare da takardar koke alhali wasu na ɗaukar kekuna.

Direban Dogon Zango:
Alhaji, tunda ka ambaci tasha bari in sa baki, hanyar Ibadan nake bi. A 2019 Seyi Makinde na hawa gwamnan Oyo, cikin kwanaki ya dakatar da ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihar, gwamnati ta karɓe tashoshin. Dalilin da aka bayar shi ne rikici da zubar da jini, kuma akwai shi. Amma kowane direba ya ɗauki darasi: in ƙarfinka a jikin gwamnati yake, ranar da ta canza sai ka nemi inda za ka tsaya. Ka kwatanta da 2021 bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, da dillalan abinci da na shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu. Ba a yi mako biyu ba sai da hukumomi suka zauna da su. Ba kati suka nuna ba, tumatir da albasa ne suka yi magana.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan'uwa, daga Nijar nake bin zancen. Mu nan jam'iyyu ma ƙungiyoyi ne suka ƙwato mana su. Bayan an harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai USN suka matsa har aka yi babban taron ƙasa a 1991, aka buɗe siyasar jam'iyyu da yawa. A 2005 kuma da gwamnatin Tandja ta ɗora haraji a kan kayan masarufi, gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ta sa aka rufe kasuwanni, gari ya yi tsit, har gwamnati ta sassauta. A Maris 2025 sojoji sun rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Wanda duk ya narkar da ƙungiyarsa a cikin jam'iyya, ranar ya tashi ba shi da ko ɗaya. Don Allah ku riƙe taku da kyau.

Matashin Arewa:
Na karɓi gyara a kan kafa jam'iyya. Kuma na tuna wani abu da ke goyon bayanku. Dokar rage shekarun takara da Buhari ya sa wa hannu ran 31 ga Mayu 2018, wadda ta mai da shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, ƙungiyoyin matasa ne irin su YIAGA suka bi ta. Ba su yi wa kowa mubaya'a ba. 'Yan majalisa suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, na kowace jam'iyya, suna wallafa sunan wanda ya yarda da wanda ya ƙi, har aka samu majalisun jihohin da ake buƙata.

Maman Hanifa:
Amma ƙanena ka faɗi ɗaya ɓangaren. Mata ma haka suka bi a 2022, majalisa ta yi watsi da ƙudirorinsu a watan Maris, suka yi kwanaki a ƙofar majalisa suna zanga-zanga. Ga Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023, kujera 109, mata ba su wuce huɗu ba. Ba kullum ake ci ba. Ni dai abin da na sani, ko ba a ci ba, ana komawa gida tare, gobe a sake fitowa. Mu da muka karɓi atamfa ko wannan ba mu samu ba.

Baban Walid:
Hajiya, wannan maganar taki ta fi shiga ta. Amma ina nan a kan bakana cewa in aka kori mutumin nan hannu rabbana, ya zo ya ci, maɗinka za su gane kurensu. Ɗan siyasa ba ya mantuwa.

Malam Mai Alli:
Ba korarsa za a yi ba, Alhaji. A gayyace shi, a gayyaci sauran 'yan takarar kujerar, kowa da ranarsa, a shimfiɗa masa tabarma iri ɗaya. A karanta masa buƙata uku ko huɗu waɗanda kujerar za ta iya, a ce ya sa hannu in ya yarda, a ɗauka a waya. Daga nan sakatare ya tura wa kowane mamba abin da kowannensu ya ce, kowa ya je ya zaɓi wanda ya kwanta masa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. A irin wannan yanayi ɗan takarar majalisar jiha ya san darajar mutum ɗari uku masu kati da za su fito da iyalansu. Muddin bai tabbata kun zama nasa ba, zai ci gaba da zuwa.

Sakataren Maɗinka:
Jama'a na dawo, jiya da daddare muka yi zaman kwamiti, mun kai ƙarfe sha ɗaya. Na karanta musu sashen da Barista ya kawo da bayanin Malam a kan kwangila. Da na zo labarin Maman Hanifa, ma'ajinmu ya ce shi ma matarsa ta taɓa shiga irin wannan. Mu tara ne, shida suka yarda a gayyaci 'yan takara duka, uku suka tsaya a kan mubaya'a. Shugaba bai ji daɗi ba, ya ce ya riga ya ba da baki, kuma mun sa shi jin kunya. Na ba shi haƙuri har ƙofar gidansa, don ubana ne a sana'a, a shagonsa na koyi sa aljihu. Mun rabu a kan cewa shi da duk mai so su je da sunansu, ban da tutar ƙungiya, ban da hatimi. Kekunan kuma ban sani ba ko za su zo.

Buƙatun da muka tsayar: haraji ɗaya da rasit, ɗinkin yunifom a cikin jiha ta hanyar da kowane shago zai iya nema, da gyaran taransifomar layinmu kafin ɗinkin sallah. Barista, in na turo maka wasiƙar gayyatar ta akwatin sirri za ka duba min?

Barista A.:
Turo, zan duba yau in sha Allahu. Ka tabbata kalmomin wasiƙar iri ɗaya ne ga kowa, kwanan wata ɗaya, kuma wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafinku. Batun taransifoma ku rubuta shi a matsayin abin da zai bi muku, ba abin da zai yi da kansa ba.

Maman Hanifa:
Malam Sakatare, in Allah ya kai mu ranar, ku ware wa mata masu ɗinki a gida wuri ko da benci biyu ne, kuma a sa zaman bayan la'asar, don da safe ba ma samun fita. Rabin yunifom ɗin 'yan mata a ɗakunanmu ake ɗinka shi. In kun yarda zan je da kaina in gaya wa ɗaya ɓangaren namu, har da wadda ta koya min yanka.